Wa Ya Tuƙa Motar?

Wasiƙar ta iso ranar Asabar, ranar da muka kai azumi na 13 a shekarar 2024. Farar ambulan ce mai 'yar taga a gaba, irin wadda duk wanda ya ɗan zauna a Ingila ya san ba gaisuwa take kawowa ba. Autanmu ne ya tsince ta a bakin ƙofa ya miƙa wa babansa, tunda sunan baban ne a jiki. A ciki akwai hotunan motarmu guda biyu. A na farko tana shiga filin fakin na wasu kantuna da ke bayan unguwarmu da ƙarfe 9:12 na safe. A na biyu tana fita da ƙarfe 5:41 na yamma. A ƙasa an yi mana lissafi don kada mu wahala: awa 8 da minti 29, a wurin da awa 3 kawai aka yarda mota ta tsaya kyauta. Fam 100 ake bin mu, amma idan muka biya cikin kwana 14 za a karɓi fam 60.

Maigida ya karanta sau biyu, sannan ya ɗago kai.

"Hajiya, awa takwas da rabi a kanti? Ko kantin kika saya gaba ɗaya?"

Da sigar wasa ya faɗa, amma mu duka mun ji tambayar da ke ƙarƙashin wasan. Ranar Alhamis ɗin da ake magana a kai aikin dare ya yi, ya dawo da asuba ya kwanta, bai farka ba sai bayan azahar. Bai san shigar kowa ba, bai san fitar kowa ba.

Uwargida ba ta ko ajiye wuƙar da take yanka albasa ba. "Malam, da yamma wa ya ɗauki makulli ya ce zai sayo madarar sahur?"

Aka yi shiru. Sai kuma dariya ta gaske ta zo, amma ta zo a makare.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Da safe uwargida ta sauke yara a makaranta, ta biya kantin ta sayi shinkafa da mai da dabino, kafin ƙarfe 10 da 'yan mintuna tana gida. Da yamma maigida ya koma wurin ya sayi madara da burodi, bai cika minti 20 ba ya fito yana sauri don kada shan ruwa ya same shi a hanya. Zuwa biyu, mutum biyu. Kyamarar da ke bakin filin, wadda aikinta shi ne karanta lambar duk motar da ta shiga ko ta fita, ta ga shigar safe ta ga fitar yamma. Fitar safe da shigar yamma sun wuce ta. Wataƙila wata babbar mota ce ta tare lambarmu, wataƙila ruwan sama ne. Na'urar ta ɗauki farkon tafiyar mace ta ɗinke da ƙarshen tafiyar miji, ta aiko mana da takardar bashi.

Tun a daren muka rabu gida biyu.

Maigida ya ce a biya. Fam 60 ba zai hana mu cin abinci ba. Sai dai duk ɗan ci-rani yana da ciwo ɗaya, ciwon juya kuɗi zuwa naira, kuma a lokacin fam 100 ya doshi naira dubu 200, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 30 ne. Dama mun ware wani abu na kayan sallar 'yan uwa a gida, daga nan za a yanka. Duk da haka ya ce a biya. Ba kuɗin yake kallo ba, bayan takardar yake kallo, inda aka jera kalmomin da ke hana baƙo barci: ƙarin caji, kamfanin karɓar bashi, kotu. A kan biza muke zaune. Mutumin da zamansa ya rataya a kan takarda yana tsoron kowace takarda, ko da ta tallan kujeru ce. Ya ce ƙasar mutane ce, baƙo ba ya sa-in-sa da masu gari, a ba su fam 60 ɗinsu a huta.

Uwargida ta ce ko sisi. "In ka biya, ka sa hannu ke nan cewa na yi awa takwas a waje ba ka san inda nake ba. Da bakinka ka tambaye ni ɗazu." Ya ce wasa yake. Ta ce ta sani, amma takardar ba wasa take ba.

A nan maganar biya ta tsaya, aƙalla na ɗan lokaci.

Sai muka yi abin da duk Bahaushe zai fara yi: muka tafi neman mutumin da za mu yi wa bayani. Ranar Litinin muka je kantin muka nemi manaja. Wani saurayi ne mai ladabi, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce ya yarda da mu, kuma ba mu ne na farko ba. Amma filin ba na kantin ba ne. Na wani kamfanin gine-gine ne, shi kuma ya damƙa kula da shi ga kamfanin fakin, su kantin 'yan haya ne kawai. Muka fita muka zagaya filin ko za mu ga ɗan ɗaki ko maigadi. Babu kowa. Sandunan ƙarfe ne da alluna masu ƙananan rubutu, sai kyamarar can sama tana kallon ƙofa. Muka buga lambar wayar da ke jikin wasiƙar. Muryar na'ura ta amsa, ta ba mu zaɓi: mu biya da kati, ko mu sake sauraren zaɓin.

A mota muna komawa gida muka tuna yadda irin wannan rigima take ƙarewa a bakin Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano. Yaron da ke gadin motoci zai ce tun safe kake nan, ka ce ƙarya ne, ka tafi ka dawo. Kafin ku yi musu uku mai shayi ya sa baki ya ce ya ga fitarka. Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, a ba yaro na goro. Kowa ya kama gabansa, gobe ma ku gaisa. Ba muna cewa tsarin gida adalci ne zalla ba. Mun sha ganin mai babbar riga ya toshe hanya an ce masa ranka ya daɗe, an kuma tsare mai ɗan Keke Napep a kan abin da bai kai ya kawo ba. Fuska tana sassauci, fuska tana zalunci. Amma dai akwai fuskar. A nan kuwa mun rasa wanda za mu ko yi wa fushi.

Wasiƙar ta ce muna da kwana 28 mu shigar da ƙorafi ta shafin kamfanin na intanet. Muka zauna bayan sallar asham muka rubuta. Har yanzu muna da kwafinta, kuma duk lokacin da muka karanta sai kunya ta kama mu. Mun fara da fatan suna lafiya da iyalansu. Mun gaya musu watan azumi ne. Mun gaya musu shekara biyu muna sayayya a wurin, muna da yara ƙanana, ba mu taɓa saɓa doka ba. Sai a sakin layi na uku muka ambaci cewa zuwa biyu aka yi, shi ma ba tare da wata hujja ba, don a tunaninmu maganar magidanci da matar aure masu azumi a baki ta isa hujja. Muka rufe da roƙon a yi mana afuwa.

Amsa ta zo kafin azumi ya ƙare. Shafi biyu ce, kuma ko layi ɗaya bai taɓa maganar zuwa biyu ba. An ce alluna suna nan a fili, an ce shiga filin yarda ce da sharuɗɗansa, an ce an yi nazarin ƙorafinmu da kyau an ƙi karɓa. Da gani ka san amsar da ake aika wa kowa ce, suna da lambar mota kawai ake canzawa. An sake ba mu kwana 14 mu biya fam 60. Idan kuma muna so mu ci gaba, ga wata lamba mai alƙaluma 10 da za mu kai ƙara gaban wata hukumar sasanci mai zaman kanta da ake kira POPLA. Amma idan muka faɗi a can, fam 100 ne cif.

Akwai wani dattijo a masallacinmu da ya shekara sama da 20 yana tuƙa tasi a garin. Kowa Baba yake ce masa. Maigida ya nuna masa takardun a bakin wurin ajiye takalma. Ya sa tabarau, ya karanta wasiƙarmu ta roƙo, ya girgiza kai.

"Ɗana, wa ya ce ka ba su haƙuri? Laifin me ka yi?"

"Baba, ai na ga kamar ladabi ne."

"Ladabi a gida ke nan. Nan in ka ce a yi maka afuwa, sun rubuta ka amsa laifi. Kuma ka daina ce mata tara. Ba hukuma ce ta aiko maka ba. Ɗan kasuwa ne ya ce yana bin ka bashi. Mai bin bashi kuwa shi ke kawo shaida."

Wannan maganar ce ta juya mana al'amarin, ta sa muka shafe darare muna karatu bayan yara sun yi barci.

Ashe takardun fakin iri biyu ne a ƙasar, kuma dukansu da haruffa uku ake taƙaita sunansu: PCN. A ta ƙaramar hukuma, harafin farko yana tsaye ne a madadin kalmar da ke nufin hukunci, don ita tara ce da doka ta ba hukuma ikon ci. A ta kamfani kuwa, harafin yana nufin fakin ne kawai. Kamfani ba shi da ikon cin kowa tara. Abin da yake cewa shi ne an ƙulla yarjejeniya: ya kafa allo ya rubuta sharuɗɗa, kai kuma ka shigo ka ajiye mota, to ka yarda ke nan, in ka saɓa ga abin da za ka biya. Kamannin takardun biyu da juna ba ya cutar da kamfani ko kaɗan. Mu dai ya ruɗe mu, kuma mun tabbata ya ruɗi dubbai irinmu.

Wannan bai sa takardar ta zama abin yarwa a kwandon shara ba, ko da yake har yanzu akwai masu ba da wannan shawarar. A shekarar 2013 wani mai shagon soyayyen kifi da dankali mai suna Barry Beavis ya ajiye motarsa a filin wasu kantuna a garin Chelmsford, inda aka ba da awa 2 kyauta. Ya ƙara minti 56. Kamfanin ParkingEye ya caje shi fam 85, ya ce ba zai biya ba, don kuɗin ya zarce duk wata asara da ya jawo wa kowa. Shari'ar ta hau har Kotun Ƙolin Birtaniya. A watan Nuwamban 2015 kotun ta ba kamfanin gaskiya, alƙali ɗaya ne kawai cikin bakwai ya saɓa. Hujjarsu ita ce mai fili yana da halastacciyar buƙata ta ganin motoci suna shiga suna fita don masu sayayya su sami wuri, kuma an rubuta cajin ɓaro-ɓaro a alluna. Tun daga ranar, cewa "kuɗin ya yi yawa" ya daina zama kariya.

Mun yarda da rabin wannan. Filin da ke kusa da tasha ko asibiti, in ba a tsare shi ba, masu tafiya aiki za su cika shi tun da sassafe, tsohuwa mai sayen burodi ta rasa wuri. Amma akwai wani abu a cikin shari'ar da ya tsaya mana a rai. A wancan filin ba mai fili ne ke biyan kamfani ladan gadi ba. Kamfanin ne ke biyan mai fili don a bar shi ya yi gadi, shi kuma ya ci daga cajin waɗanda suka saɓa. Wato ranar da kowa ya bi ƙa'ida, ranar ya yi asara. Masunci ne da ya sayi tafki. Kada ka yi mamaki in bai damu ya duba ko abin da ya faɗa komarsa kifi ne ko ƙafar mai wanka ba.

Adireshinmu kuwa ba wani sihiri ya kawo su ba. Hukumar rajistar motoci ta ƙasar, DVLA, da ke garin Swansea, tana ba kamfanonin da ke cikin ƙungiyoyin da aka amince da su sunan mai mota da adireshinsa a kan fam 2 da rabi kowace tambaya. Irin waɗannan tambayoyi sun haura miliyan 10 a shekara. Majalisar dokoki ta yi doka a 2019 cewa gwamnati ta fitar da ƙa'idar aiki guda ɗaya ga kamfanonin. An fitar a Fabrairun 2022, da shirin rage mafi yawan cajin zuwa fam 50. Kamfanoni suka garzaya kotu, kafin ƙarshen watan Yunin shekarar an janye ta. Lokacin da wasiƙarmu ta zo, ƙa'idojin da kamfanonin suka rubuta wa kansu ne ke aiki.

Abin da ya fi kwantar wa maigida hankali shi ne sanin inda haɗarin yake na gaskiya. Cajin kamfani ba laifi ba ne, ba ya shiga kundin 'yan sanda. Wasiƙun kamfanonin karɓar bashi, duk da jan rubutunsu da ƙarin da suke ɗorawa har fam 70, ba su ba kowa ikon shiga gidanka ba. Abin da ke manne wa mutum shi ne idan kamfani ya kai shi kotun ƙananan basuka, kuma yana da shekara 6 ya yi hakan, aka yanke hukunci a kansa, ya kuma bar wata guda ya wuce bai biya ba. Nan sunansa zai shiga rajistar mabarata bashi na shekara 6, ya sha wuya wurin kama hayar gida ko karɓar waya a kan biyan wata-wata. Da yawan waɗanda hakan ke faɗa wa ba su ma san an kai su ƙara ba: sun tashi daga gida ba su canza adireshi a takardar mota ba, wasiƙu suna ta zuba a tsohon gida. A daren muka duba tamu takardar.

Saura tambaya ɗaya, wadda ke cikin ɗan akwati a fom ɗin farko da na biyu: wa ya tuƙa motar?

Tambayar tana da tarihi. Yarjejeniyar allo da direba aka ƙulla ta, ba da mai mota ba, kuma kyamara lamba take gani, ba fuska ba. A da kamfanoni ba su damu da wannan ba, don ƙarfe suke ɗaura wa tayar mota, sai ka biya su kwance. Dokar 2012 ta haramta wannan a filayen 'yan kasuwa a Ingila da Wales. A maimakonsa ta ba su damar bin wanda sunansa ke kan rajistar mota idan ba a san direba ba, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Ɗaya daga ciki: in kyamara ce ta kama mota, dole wasiƙa ta isa ga mai mota cikin kwana 14. Shi ya sa masana harkar ke cewa kada ka yi saurin faɗin wanda ya tuƙa, doka ba ta tilasta maka ba, ka fara ƙirga kwanaki. Muka ƙirga. Tamu a kwana na 9 ta zo. Wannan ƙofa a rufe take.

Wani abokinmu ya kawo wata ƙofar. Ya ce mu rubuta sunan wani ɗan uwa da ya zo ziyara ya koma gida, mu sa adireshin Kano, su je can su nemo shi. Ya ce an sha yi. Ba za mu ce shawarar ba ta burge mu na minti ɗaya ba. Hoton ma'aikacin kamfanin yana yawo a lungunan Fagge da takarda a hannu ya ba mu dariya. Amma ƙarya ce, a goman ƙarshe na azumi, a kan maganar da muke da gaskiya. Uwargida ta ce in muka yi haka mun zama daidai da kyamarar: ita ta ɗinka ƙarya, mu ma mun ɗinka. Ga shi kuma amsar gaskiya ita ce duk kariyarmu. Wa ya tuƙa motar? Mu biyu. Akwatin na mutum ɗaya aka yi shi, sai muka bar shi fanko muka rubuta amsar a wurin bayani.

Hujja ce ta rage. Rasit ɗin safe yana can ƙasan jakar uwargida, ya naɗe da takardar alewa, amma lokaci ya fito: 9:48. Na yamma maigida ya yar tun a bakin kanti, sai dai manhajar banki a wayarsa ta nuna an cire kuɗin madara da ƙarfe 5:36. Wannan ya nuna an yi sayayya sau biyu. Bai nuna motar ta bar filin a tsakani ba. Mai son musu zai ce an bar ta a can aka dawo da ƙafa.

Gidan da ke kallon namu na wata tsohuwar Baturiya ne da ke zaune ita kaɗai. Shekara biyu tsakaninmu da ita ɗaga hannu ne kawai. A ƙofarta akwai irin ƙararrawar nan mai kyamara, kuma mun daɗe muna jin haushinta a ɓoye, don gani muke kamar mu take gadi. Mun yi kwana biyu muna tura juna. A ƙarshe uwargida ta yafa mayafi ta tsallaka. Tsohuwar ta ji bayani, ta ce ita ma an taɓa yi mata, ta biya, har yau abin yana ci mata rai. Ta ɗauko wayarta ta fara ja da yatsa baya, ta ce na'urar wata ɗaya take riƙe hotuna, saura 'yan kwanaki na ranar su goge. Ga motarmu tana tsayawa a ƙofar gida da ƙarfe 10:04. Ga mai kawo saƙo ya danna mata ƙararrawa wajen ƙarfe 1, motarmu tana bayansa. Ga maigida da silifas da jallabiya yana buɗe mota da ƙarfe 5:17, yana hamma. Tsohuwar ta yi ta dariyar hammar. Kyamara ce ta yi mana ƙazafi, kyamara ce ta wanke mu, kuma ba mu san wacce za mu fi jin tsoro ba.

Ranar sallah muka kira gida. Bayan gaisuwa maigida ya yi kuskuren ba mahaifiyarsa labari. Hajiya ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Ku ba su abinsu ku zauna lafiya. Ku da kuka je nema, me ya haɗa ku da shari'a da Turawa?" Ya ce to Hajiya. Ya ajiye waya ya yi shiru. Wa'adin fam 60 saura kwana kaɗan ya cika. Uwargida ba ta ce komai ba, ta ajiye masa kwamfuta a gaba ta tafi kicin. Da ta dawo ta tarar yana rubutu.

Wasiƙa ta biyu ba ta da gaisuwa. Ba azumi, ba yara, ba afuwa, don mun riga mun gane cewa masu sasancin ba tausayi suke aunawa ba, abin da suke dubawa shi ne ko an yi cajin bisa ƙa'ida. Layi bakwai ne. Motar ta shiga filin sau biyu a ranar. Ga rasit. Ga bayanin banki. Ga hotuna uku masu lokaci da ke nuna ta a gida tsakanin 10:04 da 5:17. Muna neman kamfanin ya kawo cikakken bayanan kyamararsa na ranar, ya kuma nuna cewa wani mutum ya duba su kafin a nemi adireshinmu. Da muka karanta ta da ƙarfi sai muka ji kamar ba mu muka rubuta ba. Maigida ya ce ko wa ya aiko masa da irin wannan a gida sai ya ce ba shi da tarbiyya. Muka aika. Shigar da ƙara a can kyauta ne ga mai mota, kuma hukuncin yana ɗaure kamfani, ba ya ɗaure mai ƙara.

Sai jira. Kullum aka turo wasiƙa ta ramin ƙofa sai gaban wani ya faɗi. A cikin jiran ne muka fara ba da labarin a zaurenmu na WhatsApp na 'yan gida, sai ga shi kusan kowa yana da nasa. Wata ma'aikaciyar kula da tsofaffi ta biya kuɗin fakin daidai, amma ta danna sifili a maimakon harafin O a lambar motarta, aka caje ta, ta biya cikin dare ba ta gaya wa kowa ba. Alhali ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin da kanta ta ce irin wannan ƙaramin kuskure a soke shi tun a ƙorafin farko. Wani ɗalibi ya biya sau biyu a wata ɗaya. Ba wanda ya ce ya biya don ya gamsu yana da laifi. Kowa cewa yake ya ji tsoro, ko ba shi da lokaci, ko Turancin wasiƙar ya fi ƙarfinsa. Rangwamen nan na kwana 14 kuwa, da ka ɗauka alheri ne, shi ne bulalar: biya yanzu da sauƙi, ko ka nemi gaskiyarka da tsada.

Saƙon imel ya shigo wata ranar Laraba, 'yan makonni kafin babbar sallah. Layi uku. Kamfanin ya sanar cewa ba ya son ci gaba da jayayya a kan wannan ƙara, don haka an soke cajin, babu abin da za mu biya. Ba a ce kyamara ta yi kuskure ba. Ba a ce an duba hotunanmu ba. Ba a yanke hukunci ba ma, janyewa kawai aka yi.

Uwargida ta karanta, ta juya wayar kamar akwai sauran rubutu a bayanta. "Shi ke nan? Ko 'ku yi haƙuri' babu?"

"Ai Baba ya gaya mana," in ji maigida. "In suka ce a yi haƙuri, sun amsa laifi."

Mun lissafa daga baya, a ƙalla dare goma muka ba wannan magana. Da maigida ya yi ƙarin aiki a waɗannan awanni da ya sami abin da ya ninka fam 60. Ya faɗi haka sau ɗaya, aka kalle shi, bai sake faɗa ba.

Da layya muka kai wa tsohuwar maƙwabciyarmu soyayyen nama da cincin. Ta ce yajin ya yi mata yawa, ta kuma dawo da kwanon wanke tas da biskit a ciki. Yanzu har shayi ake sha.

Kantin kuwa ba mu daina zuwa ba, don babu inda ya fi shi arahar shinkafa a kusa. Sai dai in za mu fita daga filin, duk wanda ke tuƙi a cikinmu yakan ɗan tsaya, ya bar motar gaba ta yi nisa, sannan ya gangara a hankali ƙarƙashin sandar don lambar ta fito sosai. Makon jiya wani ya danna mana hon daga baya. Maigida ya so ya taka mai, uwargida ta dafa hannunsa.

"Bar shi, Malam. Bari ta gama ganin mu tukuna."